Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Marubutan Hausa: A Yi Wa Yaron Da Ke Kwance A Gida Littafinsa

Zuwa ga shugabanni da membobin Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, wato ANA, reshen Jihar Kano, da masu maɗaba'u da masu zane da kuke aiki tare.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, roƙo ɗaya ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma gara in faɗe shi tun da wuri: ku yi wa yaranmu 'yan shekara 3 zuwa 7 littafi mai hotuna, da Hausa, a kan yaron da zazzaɓi ya kwantar a gida. Labari nake nufi, mai daɗi, wanda in an gama yaro zai ce a sake, kuma wanda in likitan yara ya duba ba zai sami abin gyara ba.

Ni ba marubuciya ba ce, malamaina. Aikin jinya nake yi a ɓangaren yara, karatun littattafanku kuwa sai in na tashi aiki. Na san za ku ce ai wannan magana ta ma'aikatar lafiya ce, me ya kawo ta wurin marubuta? Ma'aikatar lafiya tana buga fastoci, kuma da manya take magana. Mu ma'aikatan asibiti da uwa muke magana, ko da uba in ya biyo. Shi mai ciwon yana zaune a cinya, ana zancensa a kansa, ba wanda ya ce masa ga abin da ke damunka, ga abin da za a yi maka, ga ranar da za ka tashi. Yin magana da ɗan shekara huɗu ta yadda zai gane ya kuma natsu sana'a ce, kuma ku ne masu ita.

Ku tuna yadda ake ba yaro magani a yawancin gidajenmu. Uwa ta zauna ta matse ƙafafunsa a tsakanin cinyoyinta, goggo ko yaya ta riƙe hannayensa, a danne shi kamar kazar da za a yanka, a toshe masa hanci. In ya buɗe baki don ya shaƙi iska sai a ɗura masa dakakkiyar ƙwaya da aka jiƙa a cokali. Ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja, rabin maganin ya bi wuyan riga, sauran ya dawo da amai. Uwar ta rasa ko ta sake ba shi ko ta bari, sai ta huce a kansa da rankwashi. Ba mugunta ba ce, tsoro ne da gajiya, kuma ita ma haka aka yi mata. Amma ɗura tana da haɗari na gaske, domin abin da aka zuba wa yaro yana cikin kuka kan iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu, ciwo ya zama biyu. Ga kuma abin da ya rage a zuciyar yaron: daga ranar, da ya ga cokali ya doso shi sai ya ɗinke baki.

Sai batun allura. Tun yaro yana ƙalau muke ajiye masa ita a matsayin dodo. "Ka yi shiru ko in kai ka a yi maka allura." "Ga mai allura can, bari in kira ta." Har nuna mu ake yi a hanya in mun sa fararen kaya. To ranar da ciwo ya zo da gaske, aka ɗauko shi za a kai shi wurin da aka shekara ana tsorata shi da shi, me ake so ya yi? Tun daga bakin ƙofa yake ihu, yana turjewa, jikinsa ya sanƙare, neman jijiya don sa ƙarin ruwa ya zama yaƙi. Mu muke shan wannan wahala, amma shi ya fi mu sha.

Akwai wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Yaro ƙarami yakan ɗauka duk abin da ya same shi sakamakon laifinsa ne, mu kuma sai mu tabbatar masa: "Ka ga abin da wasan ruwan sama ya jawo maka ko? Ba na hana ka cin ɗanyen mangwaro ba?" Sai ya kwanta da zazzaɓi da kuma nauyin laifi, alhali sauro ne ya cije shi da dare, ba ruwan mangwaro. Wani yaron yana jin jikinsa ya fara zafi zai ɓoye, don kada a yi masa faɗa ko a kai shi allura, sai ciwo ya ci ƙarfinsa tukuna a gane.

Wannan ba lamarin gida ɗaya ko biyu ba ne. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na 'yan shekarun nan sun nuna Najeriya kaɗai ke ɗauke da sama da kashi 25 cikin 100 na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, da kimanin kashi 30 cikin 100 na waɗanda yake kashewa, kuma a nahiyar Afirka fiye da kashi 75 cikin 100 na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. A ƙara da gudawa, da ƙyanda, da limoniya, da mashaƙon da ya addabi Kano a 2023. Kusan kowane ciwo daga cikinsu a gida yake farawa, a gida ake yanke shawarar kemis za a je ko asibiti ko a jira gobe, kuma ko an je Asibitin Yara na Hasiya Bayero an dawo, a gida ake ƙarasa jinya. Kwanciya ciwo a ɗakin uwa na cikin abubuwan da kowane ɗan Bahaushe ya sani tun bai iya ɗaura tazuge ba. Abin mamaki ne a ce adabinmu bai kula da ita ba.

In ka leƙa shagunan littattafai na Sabon Gari za ka sami na yara masu hotuna, amma akasari da Turanci, kuma daga waje. Yaron ciki yana da ɗakinsa shi kaɗai da gadonsa, ƙanƙara tana zuba a bayan taga, an sa masa ma'aunin zafi a baki, likita ya zo har gida da jaka. Mura ce ke damunsa. Ba laifin masu littafin ba ne, don yaransu suka yi. Ko an fassara shi da Hausa tsantsa, ɗiyata ba za ta ga kanta a ciki ba, sai dai ta koyi cewa ciwo mai kyan gani na wasu ne. Ban manta da ƙoƙarin da aka yi ba. Shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, sun samar da littattafan koyon karatu da Hausa, kuma African Storybook da StoryWeaver suna da labaran Hausa kyauta a intanet. Sai dai na farkon don aji aka yi su, na biyun kuma sai mai babbar waya da data. Abin da babu shi ne littafin da zai zauna a ƙarƙashin matashin kai.

Ku ne magadan aikin da aka fara da Hukumar Fassara a 1929, daga baya aka mayar da ita Zariya, aka yi gasar 1933 da ta haifar da ƙagaggun labaran farko, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, hukumar adabi ta Arewa, wato NORLA, ta zo a shekarun 1950 lokacin Yaƙi da Jahilci, kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, ya biyo baya a 1966. Daga shekarun 1980 kuma marubutan Kano suka nuna ba sai da gwamnati ake buga littafi a sayar ba. Ina cikin masu karanta ku, don haka ku yi haƙuri da abin da zan faɗa: kun rubuta kishi da soyayya da zaman gidan miji ta kowace fuska, amma 'ya'yan da ake haifa a ƙarshen waɗannan labarai ba ku rubuta musu komai ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take fito da mata masu alƙalami, kuma da yawansu iyaye ne da suka kwana zaune da yaro mai zafin jiki. Kayan aiki yana hannunku.

Bari in faɗi yadda nake hango littafin, ku kuma ku gyara, tunda ku ne masu sana'a.

A ce yarinya ce 'yar shekara 5, a kira ta Ummi ko duk sunan da kuka ga dama. Damina ce, ciyawa ta fito a bayan gida, kwata ta cika. Ta tashi da safe ta ƙi koko da ƙosai, ita da ba ta wasa da ƙosai. Mama ta kai bayan hannu goshinta. Wannan hoton kaɗai ya isa shafi guda, domin kowane yaro ya san wannan hannun. Sai rawar sanyi ta kama ta da rana tsaka, haƙoranta suna haɗuwa, ƙaninta yana gumi yana kallonta da mamaki. A shafi na gaba an shimfiɗa mata tabarma a inuwa kusa da ƙofar ɗaki, an cire mata kaya masu nauyi, Mama tana goga mata tsumma mai ruwan ɗumi-ɗumi, yayarta tana fifita. Wuta babu. Randa tana gefe da moɗa a kai, ga fo an ajiye kusa saboda amai, ga akuya ta leƙo tana neman ɓawon ayaba. Ku zana gidan yadda yake, da igiyar shanya da murhu da buta, kada ku gyara shi don baƙi.

Abin da ya fi damun Ummi kuwa ba zafin jikin ba ne. Ta jiyo ƙawayenta a ƙofar gida suna 'yar gala-gala, ta jiyo an wuce Islamiyya ana rera karatu, ita tana kwance. Bakinta ɗaci, ruwa ma ɗaci, kunun tsamiyar da take so ya zama wani abu dabam. Rana ta ƙi tafiya. Ta ƙirga azarar ɗaki, ta bi tururuwa da ido, ta yi fushi da kowa ba dalili. Nan ne labarin yake, malamaina, a wannan kaɗaicin na yaron da duniya ta ci gaba da wasa ba shi. In kuka kama shi da kyau, duk yaron da aka karanta wa zai ce ni ma haka na ji.

Kuma a sa dariya. Baba ya dawo kasuwa da lemo da ayaba da kwalbar lemon kwalba guda, duk na mara lafiya. Ƙaninta ya duba ya duba, sai ya je ya kwanta a gefen tabarma ya dafe kai yana nishi, shi ma wai ba shi da lafiya, ido ɗaya a rufe ɗaya a kan ayaba. Babu gidan da ba a yi wannan ba. Yara za su ƙyalƙyale, uwar da ke karantawa ma za ta murmusa, kuma littafin da ya sa uwa murmushi shi ne za a sake ɗaukowa gobe.

Sai Kaka. A nan nake roƙonku ku yi taka-tsantsan, don a nan fastoci suke faɗuwa. Kullum a cikinsu tsohuwa ce jahila mai hana zuwa asibiti, ma'aikaciyar lafiya kuma ta zo da murmushi ta ƙaryata ta. A gidajenmu kuwa Kaka ce ke goyon mara lafiya da tsakar dare don uwa ta runtsa, ita ke tofa addu'a, ita ke dafa ganyen darbejiya don surace, kuma sau da yawa ita ce ke da ikon cewa a tafi asibiti yanzu, ba mai musa mata. Littafin da ya mayar da ita abin dariya ba zai kwana a gidan ba. Ku bar ta da addu'arta da tatsuniyarta, amma ku sa a bakinta a ji an ce: "Wannan zafin ya wuce na surace, ku ɗauke ta a je a duba jininta." In Kaka ce ta faɗa, an gama.

A asibitin, a gaya wa yaro gaskiya. Za a soki ɗan yatsa a ɗebi ɗigon jini, a ɗiga a kan wani ɗan farin abu, a jira minti 15 zuwa 20, layi biyu su fito in maleriya ce. Kada ku rubuta cewa babu zafi. Da zafi, kuma yaron da aka yi wa ƙarya sau ɗaya ba zai ƙara yarda da littafin ba, balle da ni. A ce akwai zafi kaɗan, ya wuce kafin ta ƙirga biyar, Ummi ta yi ƙwalla, ba kuma wanda ya ce mata raguwa. A bar ta ta ga layukan da idonta, a ce mata ga abin da sauro ya zuba miki, ga kuma maganin da zai kore shi. Yaro in ya san abokin faɗansa, ya daina ɗaukar cokali a matsayin abokin gaba.

Akwai shafin da in babu shi, a wurina littafin bai cika ba. Maganin maleriya da aka fi bayarwa yanzu sau 6 ake shansa cikin kwana 3, safe da dare, kuma ya fi aiki in an ci abinci mai ɗan maiƙo ko an sha madara. A rana ta biyu zazzaɓi yakan sauka, yaro ya nemi tuwo, ya fara tsalle. A nan ake ajiye sauran maganin a saman kwaba, wai don wani ciwon. Bayan mako biyu ko uku sai a dawo mana da shi. Ina so Ummi da kanta ta riƙa ƙirga shan maganinta, ko da tsakuwa shida a cikin murfin kwano, tana cire ɗaya duk sha. Ranar da ta ji sauƙi ta ce ta warke, sai yayarta ta nuna mata saura tsakuwa biyu. Na ga yara suna tuna wa iyayensu lokacin magani in an ba su wannan aikin, domin yaro yana son a ce shi ne mai riƙe da lissafi.

Dubiya ma ta shiga. Maƙwabciya ta yi sallama da ɗan kwanon fate, "Sannu Ummi, ya jiki?" Ummi ta koyi cewa "Da sauƙi," a ce "Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne." Malamin Islamiyya ya aiko a gaishe ta. Ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya je duba mara lafiya yakan ce "La ba'asa, ɗahurun in sha Allahu," kuma ya je duba wani yaro Bayahude da ke yi masa hidima lokacin da ya kwanta. Addininmu bai raina ciwon yaro ba. Amma ku saka wannan yadda yake zuwa a rayuwa, cikin gaisuwa da addu'a, ta yadda ɗan Wusasa da ke zuwa coci shi ma zai karanta ya ga gidansu.

Abin da nake tsoro shi ne wa'azi. Na san halinmu, da an ce littafin yara sai kowane shafi ya ƙare da "saboda haka yara ku riƙa". Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Gidan sauro ya bayyana a hoto, a ga Baba yana soke gefensa a ƙarƙashin katifa, ba sai an yi lacca a kansa ba. Wanke hannu a gan shi a bakin buta. Haka kuma kada a kawo iska ko mayu ko baki cikin labarin, ko da niyyar ƙaryata su ce, domin ɗan shekara huɗu hoton zai riƙe, ƙaryatawar ta wuce shi, ya kwana yana kallon lungun ɗaki.

Maganar manya a ware mata shafin ƙarshe, gajeriya, da manyan haruffa da ƙananan hotuna. Alamomin da ba a jira da su: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa ya yi sauri ƙirji yana lotsawa. A faɗi abin yi in jijjiga ta zo, domin a nan ake yin ɓarna mafi yawa: a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura komai, kada a kara ƙafarsa a wuta, a nufi asibiti. A faɗi cewa mai gudawa ruwa yake buƙata, a jiƙa ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a lita 1 ta ruwa mai tsabta, a haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono da abinci. A kuma faɗi cewa ba kowane zazzaɓi da gudawa ne haƙori ba, don wannan kalma ta "haƙori ne" ta jinkirta yara da yawa har lokaci ya ƙure.

Kada sunan wani kamfanin magani ya shiga littafin, ko da shi zai biya kuɗin bugawa, kuma kada a rubuta adadin ƙwayar da za a ba yaro, wannan ya danganta da nauyinsa da shekarunsa. Ba mu manta da 2008 ba, lokacin da wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, da aka gurɓata da guba, ya lalata ƙodar jarirai, gwamnati ta ce 84 sun rasu, har da waɗanda aka kwantar a Zariya. Littafin yara bai kamata ya zama allon tallar kwalba ba.

Wa zai karanta? Ku sa a ranku cewa uwaye da dama, musamman a karkara, ba su yi boko ba. Sau da yawa mai karatun yaya ce 'yar aji biyar, tana haɗa baƙi da ƙyar. Don haka jimla ɗaya ko biyu a shafi ta isa, da kalmomin tsakar gida, da wani ɗan amshi da ke maimaituwa don ƙananan su riƙa karɓa, yadda suke karɓar waƙar tatsuniya. Hoton ya ɗauki labarin shi kaɗai, ta yadda uwar da ba ta karatu za ta bi shafi-shafi ta ba da shi da bakinta. A kula da haruffa masu lanƙwasa, kada mai buga littafi ya ce na'urarsa ba ta da su, yaron da ke koyon karatu ba a ba shi rubutun da aka yi wa kwaskwarima. In da hali a sa ajami a ƙarƙashin boko, domin akwai gidajen da ba mai karanta boko amma kowa ya yi allo. Wani mai murya kuma ya karanta a naɗa, a bar shi ya yi yawo a WhatsApp.

Masu zane, ku ne rabin aikin, ko ma fiye. Muna da masu zana bangon littafi, da masu zanen allon shago, da ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello. A nemi wanda zai je ya zauna a tsakar gida ya kalli yadda uwa ke tallafe kan yaro, ya zana fuskar Ummi iri ɗaya daga farko har ƙarshe, baƙa, da kitsonta da ya fara tsufa don ba a sami damar sakewa ba. A biya shi haƙƙinsa, a sa sunansa daidai da na marubuci a bango. Hoton da aka kwaso daga intanet aka liƙa wa ɗankwali ba zai yi ba.

Na san inda gizo ke saƙar. Bugu mai launi yana da tsada, takarda daga waje ake shigo da ita tunda masana'antun Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa biyan buƙata, kuma uban da ke lissafin kuɗin magani ba zai sayi littafi mai tsada ba. Amma irin wannan littafi shafi 24 ne ko 32, kuma kuɗin kowane kwafi yana sauka in an buga da yawa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma sayen kayan karatu na cikin aikinta, ita da takwararta ta jiha, wato SUBEB, har da ajin share fagen firamare. Ku je musu da littafi a hannu, wanda aka gama aka gwada. Kada ku jira ƙungiyoyin waje, kun ga yadda aka rufe hukumar ba da agaji ta Amurka, wato USAID, a 2025, ayyuka da yawa suka tsaya cak.

Hanyar kai shi gidaje ma tana nan. Duk damina, daga Yuli zuwa Oktoba, ma'aikata suna bin gida-gida wata-wata suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓi, su ba da na ranar farko, su bar wa uwa na kwana biyu. Waɗannan mutane suna shiga inda mai sayar da littafi bai taɓa takawa ba. Ga ranakun rigakafi a asibitocin sha-ka-tafi, inda mata ke zaman layi da yara na sa'o'i ba abin yi. Ga makarantun Islamiyya, ga masu kemis na unguwa. Ku zauna da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta jiha. Ku kuma tuna Maraɗi da Damagaram, sauron iri ɗaya ne, tabarmar ma haka, kuma a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In an kauce wa kalmomin da Kano kaɗai ta sani, littafin zai ƙetare iyaka.

Akwai yaran da labarin Ummi ba zai ishe su ba, masu sikila. Ana ƙiyasta kimanin jarirai 150,000 ake haifa da ita a Najeriya duk shekara. Su ba kwana uku suke yi su tashi shi ke nan ba, ciwon yana tafiya yana dawowa, ƙashi yana sara da sanyin hunturu, 'yan ajinsu suna ce musu ragwaye. Suna buƙatar nasu littafin, wanda ba zai yi musu alkawarin warkewa a shafin ƙarshe ba, kuma ya fi na farko wuyar rubutawa. A fara da na zazzaɓi a koyi hannu tukuna.

Abin da nake nema a aikace shi ne ku sa wannan magana cikin ajandar zamanku na wata mai zuwa. Ku fitar da marubuci ɗaya ko biyu da mai zane, ku haɗa su da likitan yara da ma'aikaciyar jinya tun kafin a rubuta layin farko. In daftari ya fito, ko da zanen fensir ne a kan takardar fotokwafi, kada a fara kai shi gaban malaman jami'a. A kawo shi benci inda yara ke jiran ganin likita, a ba wata yaya ta karanta wa ƙannenta, marubucin ya koma gefe ya yi shiru ya ga shafin da suka matso da wanda suka juya kai. Ni da abokan aikina mun ɗauki nauyin duba bayanan lafiyar da ke ciki kyauta, za mu kuma nemi izinin shugabannin asibiti don a yi gwajin. Ranar Talata da safe layin ya fi cika, sai a zo kafin ƙarfe 9.

Allah ya ƙara basira, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya a ɓangaren yara, Kano.